Maganin kumburin furostet da gwajin ciwon daji: Abin da ya kamata iyayenmu na Landan su sani

Da farko muna neman afuwar iyayenmu da yayyenmu, domin maganar da muka ɗauko a wannan makon ba irin wadda yaro ke yi a gaban manya ba ce. A tarbiyyar da aka yi mana, ko a Kano aka haifi mutum, ko a Zangon Kumasi, ko a nan Peckham, ɗa ba ya tambayar mahaifinsa yadda fitsarinsa ke fita. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ne matasan da ke raka dattawanmu asibiti a nan Landan, mu yi musu tafinta, mu cike musu takardu, kuma a cikin wannan hidima mun ga abin da yin shiru a kansa zai zama cin amana. Mu ba likitoci ba ne, yawancinmu sakandare muka gama muka shiga neman abinci. Abin da za mu faɗa tambayo shi muka yi wurin masu sani, muka kuma karanta takardun da ke cikin kwalayen maganin, waɗanda akasarinmu ke yarwa ba tare da an buɗe ba.

Labarin Baba

Akwai wani dattijonmu mai shekara 67, wanda ya zo Landan tun cikin shekarun 1980, ya yi tuƙin tasi har ƙarfinsa ya fara ja baya. Ya ba mu izinin ba da labarinsa bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa, saboda haka Baba kawai za mu riƙa ce masa. Shekara huɗu da suka wuce ya je gida hutu, sai fitsari ya matsa masa. Ya tashi sau huɗu sau biyar a dare, in ya tsuguna sai ya yi ta jira kafin ya zo, in ya gama kuma sai ya ci gaba da ɗiga, alwala ta ƙi zama. Wani likita a can ya duba shi, ya ce furostet ɗinsa ne ya kumbura, ya rubuta masa wata ƙwaya, ɗaya a kullum. Bayan wasu watanni Baba ya samu sauƙi, barci ya dawo. Da ya komo Landan bai ga dalilin zuwa bin layi wurin likitan unguwa a kan ciwon da ya riga ya samu maganinsa ba. Duk mai tahowa daga gida sai a ba shi saƙo, kwalayen maganin su iso cikin jaka ɗaya da kilishi da yaji da kuka.

Ana nan sai likitansa na unguwa, wato GP, ya yi masa gwajin jinin da ake kira PSA. Sakamako ya nuna 3.1, aka ce masa lafiya lau, domin ga mai shekarunsa sai lamba ta haura 4.5 ake tura mutum babban asibiti. Shekara ta zagayo aka sake, aka samu 3.8, nan ma aka ce ba damuwa. Asirin ya tonu ne ranar da ɗaya daga cikinmu ya raka shi kemis domin a duba magungunansa na hawan jini, aka ce ya kawo duk abin da yake sha. Baba ya juye ledarsa a kan tebur. Mai harhaɗa maganin ta ɗaga wani kwali ta yi tambaya, yaron ya fassara:

"Baba, wai tun yaushe kuke shan wannan?"

"Ai wannan na fitsari ne, ba na nan ba ne. Daga gida ake kawo mini, an fi shekara uku."

"Ta ce likitanku ya san kuna shan sa?"

"Me zan gaya masa, ɗana? Ai bai tambaye ni ba."

A ranar ta rubuta wa likitan takarda. Sunan maganin finasteride, kuma ga mai shan sa, lambar 3.8 daidai take da kusan 7.6. Aka tura Baba babban asibiti, aka ɗauki hotonsa da na'urar MRI, aka ɗebo ɗan tsokar wurin da allura aka auna, sai ga ciwon daji. Ya fara ratsa bangon furostet ɗin, amma cikin ikon Allah bai kai ga ƙashi ba. Yanzu ana yi masa gashi da na'ura da kuma allurai, kuma yana samun fitowa masallacin Juma'a. Likitan unguwar bai yi kuskuren lissafi ba, da abin da aka ba shi ya yi aiki. Shi ma maganin ba jabu ba ne, aikinsa ya yi. Baba da kansa ya ce mana: "Da na san ƙwayar nan tana da ruwa da tsaki da gwajin jini, ai da tun ranar farko na ajiye musu kwalin a gabansu."

Mene ne furostet?

Furostet wani ɗan ƙullutu ne mai girman matsakaicin goro, wanda maza kaɗai ke da shi. Yana ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye bututun da fitsari ke bi ya fita, aikinsa kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sau da yawa za a ji ana cewa "kansar mafitsara" a rediyo alhali furostet ake nufi. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, kuma ciwon dajinta daban ne.

Idan namiji ya fara manyanta, musamman daga shekara 50, furostet kan ƙara girma, ya matse bututun kamar yadda mutum zai taka tiyon ruwa. Daga nan ne ake samun yawan tashi da dare, da raunin fitsari, da jin kamar bai ƙare ba. Wannan kumburi ba daji ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama daji. Sai dai mutum ɗaya na iya samun duka biyun a lokaci guda. Abin tsoron shi ne, shi dajin yawanci daga gefen waje na furostet yake farawa, nesa da bututun fitsari, don haka yakan yi shekaru bai nuna wata alama ba.

Kumburin bai bar talaka ba, bai bar basarake ba. A watan Janairun 2024 fadar Buckingham ta ba da sanarwar cewa za a yi wa Sarki Charles aikin kumburin furostet, aka kuma yi masa a asibitin London Clinic, inda daga baya tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya rasu a watan Yulin 2025. A watan Fabrairun 2024 fadar ta ce an gano Sarkin yana da ciwon daji, amma ba na furostet ba. Idan sarkin Ingila mai shekara 75 a lokacin zai bari a faɗa wa duniya matsalar fitsarinsa, to dattijonmu bai kamata ya ji nauyin faɗa wa likita ɗaya a cikin ɗaki a rufe ba.

Magungunan iri biyu ne

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin ba duk maganin kumburin furostet ne ke taɓa gwajin daji ba. Rukuni na farko su ne tamsulosin da alfuzosin da doxazosin. Waɗannan sassauta tsokar da ke wuyan mafitsara suke yi don fitsari ya samu hanya. Cikin 'yan kwanaki ake jin aikinsu, ba sa rage girman furostet, kuma ba sa sauya lambar PSA.

Rukuni na biyu su ne finasteride, wanda ake sayarwa da sunan Proscar, da dutasteride, mai suna Avodart. Su ƙanƙantar da furostet ɗin suke yi. A jikin namiji akwai sinadarin testosteron, wanda jiki ke juya wani ɓangarensa zuwa wani sinadari mafi ƙarfi da ake kira DHT, shi ne ke sa furostet girma. Waɗannan ƙwayoyi suna tare hanyar juyawar, sai furostet ya riƙa motsewa a hankali, ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu. Aikinsu yakan ɗauki har wata shida kafin a ji, amma suna rage haɗarin toshewar fitsari ɗungurungum, irin wadda ke sa a garzaya da mutum asibiti cikin dare a sa masa roba, suna kuma rage bukatar tiyata. Akwai kuma ƙwaya mai haɗe da dutasteride da tamsulosin wuri ɗaya, Combodart a nan Birtaniya, Duodart a wasu ƙasashe. Wanda ke shan ta yana cikin masu wannan magana ko da ya ɗauka tamsulosin kawai yake sha.

Asalin maganin ma abin mamaki ne. A 1974 wata likita Ba'amurkiya, Julianne Imperato-McGinley, ta wallafa bincikenta a kan wasu iyalai a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake haifar wasu yara maza waɗanda jikinsu ba ya iya samar da isasshen DHT. An lura cewa in sun girma furostet ɗinsu ƙarami yake zama, kuma ba sa yin sanƙo. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu har ya ƙirƙiro finasteride, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1992. Dutasteride ya biyo baya a 2001.

Gwajin PSA da lissafinsa

PSA wani sinadari ne da furostet ke samarwa, kaɗan daga ciki yana shiga jini. Idan furostet ya samu matsala, ko kumburi, ko ƙwayar cuta, ko daji, sai yawansa a jini ya hau. Gwajin ba ya cewa "kana da daji" ko "ba ka da shi", ƙararrawa ce kawai. A cewar hukumar lafiya ta NHS, kusan uku cikin huɗu na waɗanda lambarsu ta hau ba a samun daji a jikinsu, haka kuma akwai masu dajin da lambarsu ba ta hawa. Duk da haka, shi ne ƙofar farko. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, ta ajiye ma'auni gwargwadon shekaru ga masu alamun ciwo: daga 40 zuwa 49, abin da ya haura 2.5, daga 50 zuwa 59, abin da ya haura 3.5, daga 60 zuwa 69, abin da ya haura 4.5, daga 70 zuwa 79, abin da ya haura 6.5. Wanda ya haura sai a duba tura shi babban asibiti, inda tun 2019 ƙa'ida ta zama a fara da hoton MRI kafin a kai ga allura.

To, finasteride da dutasteride suna rage wannan lamba da kusan rabi bayan an yi wata shida zuwa shekara ana shan su. Suna rage ta ga mai lafiya, suna rage ta ga mai daji. Wato kamar a ɗauki ma'aunin zafin jiki a tsoma a ruwan sanyi kafin a karanta: zazzaɓin yana nan, lambar ce ta sauka. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin finasteride ta ce a shaida wa likita ana shan sa kafin gwajin PSA, su kuma likitoci ƙa'idarsu ita ce su ninka lambar biyu ga wanda ya yi wata shida ko fiye yana sha. Mai shekara 55 da takardarsa ta nuna 2.0 yana ganin ya tsira, alhali lissafin gaskiya 4.0 ne, ya haura ma'aunin shekarunsa.

Akwai ƙa'ida ta biyu wadda masana ke cewa ta ma fi ninkawar muhimmanci. Bayan wata shida da fara maganin, a sake gwaji don a san inda lambar ta sauka ta tsaya. Daga nan, muddin mutum yana shan maganinsa yadda ya kamata, lambar bai kamata ta riƙa hawa ba. Duk hawan da aka tabbatar daga wannan matakin na ƙasa abin bincike ne, ko da bai kai ma'auni ba. Lambar Baba ta tashi daga 3.1 zuwa 3.8 yana kan magani, wannan kaɗai ya isa a tura shi, da an sani. Haka nan mai sha yau ya bari gobe, kamar yadda ke faruwa idan saƙon gida ya makara, lambarsa hawa da sauka za ta riƙa yi, ta rikita kowa.

Me bincike ya nuna?

Wani zai tambaya, shin maganin ne ke kawo dajin? An daɗe ana wannan muhawara. A 2003 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan maza 18,882 masu shekara 55 zuwa sama, inda aka ba rabinsu finasteride, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, tsawon shekara bakwai. Masu shan maganin sun samu raguwar kamuwa da dajin furostet da kusan kashi 25 cikin 100. Amma an ɗan fi samun nau'in daji mai zafi a cikinsu, kashi 6.4 cikin 100, sauran kuma kashi 5.1. Wannan ya tayar da hankali, har a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka ƙara gargaɗi a takardun magungunan. Daga baya masana da dama suka bayyana cewa idan furostet ya ƙanƙance allura ta fi saurin cin karo da dajin da dama yana nan. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen, rahoton 2013 ya nuna ba bambanci a tsawon rai tsakanin ɓangarorin biyu.

Binciken da ya fi shafar mu shi ne wanda masana na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka wallafa a 2019, bayan nazarin takardun tsofaffin sojojin Amurka 80,875 da aka gano suna da dajin furostet. Ga waɗanda ba sa shan irin wannan magani, tsakanin lokacin da lambarsu ta fara hawa da lokacin da aka gano ciwon kimanin shekara 1.4 ne. Ga masu shan sa kuwa, in aka yi lissafi da lambar da aka ninka, shekara 3.6 ne. An fi samun ciwonsu ya yi nisa, kuma cikin shekara 12 kashi 13 cikin 100 daga cikinsu sun mutu da ciwon, sauran kuwa kashi 8. Masu binciken sun ɗora alhakin a kan jinkirin ganowa. A ɗaya gefen, wani bincike na 2022 a kan mazan birnin Stokholm na Suwidin, inda masu shan maganin ke yawan zuwa gwaji, bai ga ƙaruwar mutuwa a cikinsu ba, raguwa ma ya gani ga waɗanda suka daɗe suna sha. Darasin dai a fili yake. Inda likita ya san ana shan maganin, yana kuma bibiya, ba a ga cutarwa ba. Inda aka karanta lambar yadda ta fito, an yi asarar shekaru.

Me ya sa abin ya fi shafar mu?

Dalili na farko jininmu ne. Ƙididdigar Ingila da aka wallafa a 2015, wadda ƙungiyar Prostate Cancer UK ke yaɗawa, ta nuna cewa ɗaya cikin maza baƙar fata huɗu zai kamu da dajin furostet a rayuwarsa, alhali a cikin fararen fata ɗaya cikin takwas ne. Ɗaya cikin baƙar fata 12 zai mutu da shi, fararen fata kuwa ɗaya cikin 24. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon, haɗarinsa ya ninka fiye da biyu. Fiye da maza 12,000 ke mutuwa da shi a Birtaniya kowace shekara, kuma a Najeriya shi ne dajin da ya fi kama maza. Farfesa Wole Soyinka ya fito fili a 2014 ya ce ya yi fama da shi ya warke, haka su Nelson Mandela da Desmond Tutu duk an yi musu maganinsa.

Dalili na biyu, ba wanda zai aiko wa dattijonmu takarda ya zo gwaji, irin yadda ake aika wa iyayenmu mata takardar gwajin dajin mama. Tsarin NHS shi ne namiji mai shekara 50 zuwa sama ya nemi gwajin da kansa bayan ya tattauna da likita, ita kuma Prostate Cancer UK tana ba baƙar fata shawarar su fara maganar tun daga shekara 45. A watan Nuwamban 2025 kwamitin ƙasa mai ba gwamnati shawara kan irin waɗannan gwaje-gwaje ya fitar da daftarin matsayinsa, inda bai goyi bayan kiran dukkan maza ba, bai kuma goyi bayan ware baƙar fata a kira su ba, yana mai cewa hujjojin ba su wadatar ba tukuna. Cike wannan giɓi na cikin manufofin babban binciken TRANSFORM na fam miliyan 42, wanda masanan jami'o'in Landan ke jagoranta, inda ake gayyatar baƙar fata daga shekara 45 zuwa 74. Ba a shiga sai da gayyata, don haka duk wanda wasiƙar ta zo masa, don Allah kada ta tafi kwandon shara tare da takardun talla.

Dalili na uku halinmu ne. Mu mutane ne masu gida biyu, kuma maganinmu ma gida biyu gare shi. Ana rubuta wa mutum magani a Kano ko Akara ko Yamai, ko kuma aboki ya ce "ni wannan ya yi mini aiki," a shiga kemis a saya ba takarda. Kwamfutar likitan unguwa a Woolwich ko Tottenham ba ta san da wannan ba. Ga kunya, ga matsalar harshe: dattijo ba zai yi maganar fitsari da ƙarfin namiji ba alhali 'yarsa ce ke yi masa tafinta. Haka su ma baƙinmu masu zuwa duba lafiya a asibitocin kuɗi na Harley Street, sukan biya kuɗi mai yawa a yi gwaji, su koma gida da takardar da ta ce lafiya lau, ba su ambaci ƙwayar da ke cikin jakarsu ba.

Masu maganin sanƙo, da ku ma ake

Kada yayyenmu masu shekara 40 da ɗoriya su ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Finasteride ɗin nan shi ne dai maganin zubewar gashi da ake kira Propecia, wanda ya fito a 1997, sai dai shi miligiram 1 ne, na furostet kuma 5. Yanzu saye ake ta intanet, a kawo wa mutum har ƙofar gida, kuma masu zuwa Turkiyya dashen gashi sau da yawa da shi suke dawowa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya nuna ƙaramar ƙwayar ma tana rage PSA da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Akwai sanannen misali. A 2015 likitan Donald Trump, Harold Bornstein, ya ba da lambar PSA ɗinsa a matsayin 0.15, lamba ƙarama ƙwarai ga mai kusan shekara 70. A 2017 likitan ya shaida wa jaridar New York Times cewa Trump yana shan finasteride saboda gashi, kuma shi ne dalilin ƙanƙantar lambar.

Ya kamata kuma a san cewa a 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a kwalin finasteride, saboda wasu masu shan sa sun samu raunin sha'awa da na ƙarfin namiji, wasu kuma baƙin ciki mai tsanani. Wanda ya ji irin wannan ya gaggauta gaya wa likita. Mace mai ciki kuma kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka niƙa, domin tana iya cutar da jaririn in namiji ne.

Abin yi

Na farko, kada wanda likita ya ɗora a kan maganin furostet ya daina sha saboda ya karanta wannan shafi. Maganin yana da amfani, kuma dainawa ba tare da shawara ba na iya dawo da toshewar fitsari.

Na biyu, yau ɗin nan a ɗauko kwalayen a duba sunan da ke jiki. In an ga finasteride ko dutasteride, ko Proscar, Avodart, Combodart, Duodart ko Propecia, a kai kwalin wurin likitan unguwa a ce a rubuta shi a fayil, da ranar da aka fara sha. Ba laifi ba ne a ce daga gida aka kawo. In likita ya ga ya dace zai iya rubuta shi a nan, kuma a Ingila mai shekara 60 zuwa sama ba ya biyan kuɗin maganin da NHS ta rubuta. A haɗa har da na gargajiya a nuna.

Na uku, wanda za a fara ɗora wa maganin ya nemi a yi masa PSA kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, a sake bayan wata shida. Duk sakamakon da aka bayar, kada a tsaya a kan "lafiya lau". A tambayi lambar, a rubuta ta a littafi da kwanan wata, a kuma tambaya: "An yi lissafi da maganin da nake sha?"

Na huɗu, a kiyaye sharuɗɗan gwajin: kada a kusanci iyali ko a yi motsa jiki mai tsanani cikin awa 48 kafin a ɗebi jinin, kuma in an yi ciwon sanyin fitsari a jira mako shida, domin duk waɗannan suna ɗaga lambar.

Na biyar, jini a fitsari ko a maniyyi, ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi tafiya, da ramewa ba dalili, ba abin jira ba ne, kome kyawun lamba. Kada a ce basir ne ko sanyi a yi ta jiƙe-jiƙe.

Na shida, mai jin nauyi yana da damar neman likita namiji da tafinta namiji, kuma NHS ba ta karɓar kuɗin tafinta. Yin rajista da likitan unguwa a Ingila kyauta ne ga kowa, ba a sharɗanta takardar zama ba. Iyayenmu da ke gida kuwa, asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da likitocin mafitsara, kuma wannan lissafi na ninkawa a can ma haka yake.

A gabashin Landan akwai wani bakanike baƙar fata, Errol McKellar, wanda aka gano yana da dajin furostet a 2010. Da ya samu sauƙi sai ya riƙa rage wa duk namijin da ya je ya yi gwaji kuɗin gyaran mota. Mu ba mu da gareji, amma muna da wurin taron suna da ɗaurin aure da harabar masallaci. Mun yanke shawarar cewa daga yanzu duk wanda zai raka dattijo asibiti a cikinmu, sai ya roƙe shi cikin ladabi ya taho da ledar magungunansa gaba ɗaya, na nan da na gida. Muna roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu su taya mu da baki, domin maganar da za ta yi wa uba nauyi daga bakin ɗansa ba za ta yi masa nauyi daga bakin sa'ansa ba. Iyayenmu mata kuma, ku ne kuka san sau nawa Alhaji ke tashi da dare, ku ne kuka san inda kwalayen suke.

Allah Ya ba Baba lafiya da sauran marasa lafiyarmu na gida da na waje, Ya ja kwanan iyayenmu cikin ƙoshin lafiya, amin.